Yadda Za Ka Saka Cinyewar Wuƙa a Lissafi Idan Kana Gwada Aikin CNC a Kwamfuta

Akwai wani aiki da muka taɓa karɓa na shaf guda 40 na injin niƙa, kowanne da wajen zaman boris 6205. Wanda ya saba da boris ɗin nan ya san ramin cikinsa milimita 25 ne, zanen da aka kawo mana kuma ya ce k6, wato kaurin shaf ɗin ya tsaya tsakanin 25.002 da 25.015. Kaga duk filin da kake da shi na yin kuskure 0.013 ne kacal, silin gashin kai ma ya ninka wannan sau da yawa. Na zana hanyar wuƙa, wato bakin da injin ke yanka ƙarfe da shi, a kwamfuta, na kunna simuleshan, wato kwaikwayon yankan a allo, komai ya fito kore shar, babu karo babu ragowar ƙarfe. Na farko ya fito daidai, na biyar daidai, na goma daidai, sai hankalina ya kwanta na rage aunawa. Wajen na ashirin da wani abu yaron da ke gwada boris ya zo ya ce min oga wannan fa ba ya shiga sai da duka. Na ɗora maikiromita, 25.03. Ban taɓa lamba ko ɗaya a cikin shirin ba, injin bai yi wani ƙara ba, wuƙar ce kawai ta ci kanta a hankali, kuma kwamfuta ba ta da labari.

Abin da nake so duk mai koyon wannan sana'a ta CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafa yankansa, ya riƙe shi ne, simuleshan ɗin da ke cikin manhajojin tsara yanka, waɗanda ake kira CAM, irin Fusion 360 ko Mastercam ko makamantansu lissafin siffa ne zalla. Yana ɗaukar wuƙarka a matsayin sabuwa fil, mai tsayayyen kauri, ba ta lanƙwasa ba ta zafi ba ta dakushewa, yana bin ta a hanya yana cire duk abin da ta taɓa. In ka ce masa endmil ɗinka, wato wuƙa mai juyawa mai kama da bakin diril, milimita 10 ne to 10 ɗin ne har abada, ko ta yi awa ɗari tana yanka. Cinyewa kai ne zaka kai masa ita da hannunka, kuma wurare uku take shiga: girman abin da ka yanka, tsawon lokacin da wuƙar zata yi kafin ta mutu, da ƙarfin da take buƙata tana yankan.

Ka fara da kallon wuƙar kanta

Kafin ka taɓa kwamfuta sai ka san me ke faruwa a bakin wuƙar. Cire insat ɗin, wato ɗan bakin yanka da ake ɗaurawa a kan mariƙin wuƙa, goge shi da tsumma mai tsabta, ka duba gefen da ke gogar ƙarfen da aka riga aka yanka, wato ƙasan bakin. A sabon insat wajen nan launinsa ɗaya ne da sauran jikin. In ya fara aiki zaka ga wani siririn layi mai ƙyalli ya kwanta a bin bakin kamar an ja shi da allura, wannan layin faɗinsa ake aunawa, a littattafai ana kiransa VB. Ƙa'idar ISO 3685 ta gwajin wuƙaƙen injin let, wato injin da aiki ke juyawa a kansa wuƙa na yanka, ta ce in faɗin layin nan ya kai 0.3 a matsakaici, ko 0.6 a inda ya fi muni idan bai ci bai ɗaya ba, to a lissafin gwaji wuƙar ta gama. Na injin milin kuma, inda wuƙa ce ke juyawa, ƙa'idarsu ISO 8688 ce.

Ba sai kana da ɗakin gwaji ba. Ƙaramin madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya, ko irin wanda ake jonawa da kwamfuta ta USB, ya isa. Ka ajiye wani abu da ka san kaurinsa a gefe, misali ganyen fila geji, siririn ƙarfen nan na auna tazara, na 0.1 ko 0.2, ka ɗauki hoto su biyun tare ka gwada. Ba zai baka lamba ta uku bayan ɗigo ba amma zai nuna maka bambancin 0.1 da 0.2 sarai, wannan kuma ya wadatar a fara.

Sannan ka lura ba kowace lalacewa ce ake iya sakawa a lissafi ba. Wannan cin na gefe shi ne mai hankali, yana tafiya a jere: da farko yakan yi sauri na ɗan lokaci yayin da kaifin farko ke kwanciya, sai ya daidaita ya daɗe yana tafiya a hankali kusan a miƙe, sai daga ƙarshe ya zabura gaba ɗaya. Tsakiyar nan ita muke lissafawa. Amma in ka ga bakin ya ɓantare, ko rami ya fito a saman insat inda ɓawon ƙarfe ke gogawa, ko ƙarfe ya manne a bakin kamar ƙanzo (wannan ya fi yawa a alminiyam da ƙarfe mai laushi in gudu ya yi ƙasa), ko tsage-tsage sun jeru a bakin saboda zafi da sanyin kulan (ruwan sanyaya wuƙa) suna musaya, to wannan ba ofset ne maganinsa ba, wato lambar gyaran girma da ake rubuta wa injin. Gyara gudu, gyara ɗaurin aiki, ko canja irin insat ɗin tukuna. Babu amfanin ka zauna kana lissafa rayuwar wuƙar da ke karyewa ba zato.

Daga VB zuwa girman aiki

Nan ne na fi so mutane su tsaya su fahimta, domin da yawa suna jin 0.3 sai su ɗauka wai har sai layin ya kai nan sannan akwai matsala. A'a. Duk lokacin da gefen ya ci, bakin wuƙar yana ja da baya. Nawa yake ja? Ka ɗauki VB ka ninka da tan (wanda ke kan kalkuleta) na kusurwar da ke ƙasan bakin, wadda ke hana jikin wuƙa gogar aiki. A insat irin CCMT ko DCMT harafi na biyun nan, C, yana nufin digiri 7 ne. In P ne digiri 11. In N ne kamar CNMG to shi kansa sifili ne, mariƙin ne ke karkata shi ya bashi wajen digiri 6.

To mu ɗauki digiri 7. Tan ɗinsa 0.123 ne. VB na 0.3 sau 0.123 ya baka kusan 0.037, wannan a gefe ɗaya kenan, a injin let kuma aiki juyawa yake saboda haka kauri zai ƙaru da ninki biyu, 0.074. Yanzu koma kan shaf ɗina mai filin 0.013. In ka juya lissafin baya zaka ga VB na wajen 0.05 kawai ya isa ya cinye filin nan duka, layin da da ƙyar ido zai ganshi. Wato wuƙar tana nan da ranta, zata iya yin wasu shaf ɗin masu yawa, amma girman ya riga ya fita. Shi yasa wuƙar share fage da wuƙar gamawa ba ma'auni ɗaya ake musu ba. Ta share fage ka bar ta ta kai 0.3 ko ma fiye in ba ta kuka. Ta gamawa kuwa zanen aikin ne ke yanke mata hukunci.

A endmil ma haka ne sai dai abin juyewa yake, wuƙar ce ke rama. In ta rame da 0.06 a kauri, kowane bango zai rage 0.03 na ƙarfen da ya kamata ya fita, rami ko aljihu ya fito a matse, abin da ka yanka ta waje kuma ya fito da ƙiba. Mai haƙora 2 ko 4 zaka iya auna ta da maikiromita a hankali, haƙori da haƙori suna kallon juna. Mai haƙora 3 ba ta aunuwa haka, gara ka yanka ɗan gwaji a guntun ƙarfe ka auna abin da ya fito, ni ma a wurina wannan ya fi gaskiya ko da mai 4 ce, domin yana haɗa har da ɗan layin da wuƙar ke yi a cikin kolet, wato abin da ke riƙe ta. Kuma kar ka yi mamaki in sabuwa dal ka auna ka ga ba ta cika 10 ba, yawancinsu haka ake ƙera su, suna ɗan gazawa.

Tarkon da kusan kowa ke faɗawa

Toh ka auna, ka samu 9.94. Abin da zuciya zata fara raya maka shi ne ka shiga ma'ajiyar wuƙaƙe ta manhajar ka canja 10 zuwa 9.94 ka sake kunna simuleshan ka ga me zai faru. Ba abin da zaka gani. Da zarar ka canja kaurin, manhajar zata sake zana hanyar ta matso da wuƙar kusa da bango daidai da ramar da ta yi, sai komai ya sake fitowa kore. Ka gwada aikin da aka gyara ne, alhali abin da kake son gani shi ne tsohuwar hanya da ramammiyar wuƙa a kanta, domin shi ne abin da ke faruwa a kan injin.

Yadda ake yi shi ne ka raba biyun. Fitar da G-code ɗinka, wato fayil ɗin umarnin da injin ke bi, da wuƙa mai 10 kamar yadda ka saba. Ka ɗauki wannan fayil ɗin ka buɗe shi a manhajar da ke karanta G-code kai tsaye, irin Vericut, wadda aikinta kenan tun ƙarshen shekarun 1980. A can ne zaka ƙirƙiri wuƙa ta biyu mai 9.94 ka bata lambar waccan, ka kunna, sannan ka sa ta gwada abin da ya fito da ainihin zanen, a Vericut wannan sashen sunansa AUTO-DIFF. Hanya ba ta motsa ba, wuƙa ta rame, sai ragowar ta bayyana a launi. In baka da irin wannan manhajar, akwai dabarar talaka: a cikin CAM ɗinka ka kwafi aikin, ka bar wuƙar a 10, ka saka 0.03 a gurbin ragowar da za a bari a bango, sakamakon kusan ɗaya ne. CAMotics kyauta ce kuma tana karanta G-code na injin mai tafiya ta fuska 3, wato X, Y da Z, tana da kyau wajen ganin babban abu.

Abu ɗaya dai, ka duba ƙanƙantar ma'aunin simuleshan ɗin. In an saita shi a 0.1 don ya yi sauri to 0.03 ba zata taɓa fitowa ba, ta ɓace a cikin kaushin lissafin. Sai ka rage shi ƙasa da abin da kake nema, kwamfuta zata yi nauyi, saboda haka ka gwada ɓangaren da ya dame ka kawai ba aikin duka ba.

Wani zai ce to me na ƙaru da shi tunda da kaina zan iya lissafa 0.03. Amfanin yana kan wuƙar da ke biye. Wuƙar share fage in ta rame, abin da ta bari a lungu ya fi wanda ta bari a miƙaƙƙen bango, sai ƙaramar endmil mai milimita 3 da ka tsara ta ɗauki 0.2 ta shigo lungun ta tarar da abin da ya fi ƙarfinta. Da yawan ƙananan wuƙaƙen da ke karyewa ba laifinsu bane, laifin ta gabansu ne. Haka ramin da za a yi wa zare, in ya fito a matse tap, wato abin yanka zaren, shi ne zai sha wahala, kuma duk wanda ya taɓa cire karyayyen tap daga cikin aikin da ya kusa ƙarewa ba sai an yi masa bayani ba.

Ka bar wa injin ƙofar gyara

Bayan ka ga inda cinyewa zata taɓa, sai ka fitar da shirin ta yadda za a iya gyarawa a kan injin ba sai an dawo kwamfuta ba. A Fusion 360, cikin aikin bin gefe, akwai zaɓin yadda za a rama kaurin wuƙa: In computer, In control, Wear, Inverse wear. Mastercam ma yana da irinsu, shi yana cewa Computer, Control, Wear, Reverse Wear. Na farkon kwamfuta ce ke yin lissafin duka, babu G41 babu G42 a shirin, wato umarnin da ke sa injin ya rama kaurin wuƙa da kansa, saboda haka duk abin da ka rubuta a tebur ɗin ofset injin ba zai ko kalle shi ba. Na biyun injin ne ke yin duka, sai ka rubuta masa cikakken girman wuƙar. Ni Wear nake amfani da shi a kusan duk aikin gamawa: kwamfuta ta yi lissafin kaurin, amma ta saka G41 ko G42 da lambar D, wato gurbin wuƙar a tebur ɗin ofset, kai kuma a kan injin ka bar girman a sifili, ɗan bambancin kawai kake rubutawa.

Dan Allah ka kula da wannan sifilin. In ka fitar da shiri da Wear alhali a tebur akwai 5 da wani ya bari a gurbin D ɗin, injin zai ƙara 5 a kan abin da kwamfuta ta riga ta yi. Kuma ka san injinka rabi yake karɓa ko cikakken kauri, a Haas saiti na 40 ne ke faɗin wannan. In rabi ne, aljihu ya fito a matse da 0.04, to -0.02 zaka saka. A injin let kuwa yawanci X da cikakken kauri yake aiki, shaf ya ƙaru da 0.02 ka saka -0.02 kai tsaye. Wajen shigar da lambar ma akwai wurin tuntuɓe, a Fanuc INPUT yana goge tsohuwar lamba ya saka sabuwa, +INPUT kuma ƙarawa yake a kan ta da. A Haas F1 ne ke gogewa, ENTER ke ƙarawa.

G41 yana buƙatar ɗan layin shiga da na fita kafin ya kama da kuma kafin G40 ya sake shi, kar ka cire su don kana son shiri ya gajarta. Wannan ma abu ne da ya kamata ka gwada a manhajar G-code da lambar ofset ta gaske a ciki, domin a matsattsen lungu Fanuc na iya tsayawa da ƙararrawa ta 041 a tsakiyar aiki, gara ka ganta a allo.

Masu ƙananan injinan katako da na allon talla da ke aiki da manhajar sarrafa inji ta GRBL, ku naku babu G41 da G42, saboda haka hanyar ita ce wadda na ce tarko ce ɗazu, amma a nan da gangan: auna wuƙar, saka ainihin kaurinta a CAM, sake fitar da shirin. Katakon MDF yana cin baki da sauri saboda gam ɗin da ke cikinsa, in kana yanka abubuwan da zasu shiga juna to ka riƙa aunawa akai-akai.

Yaushe zata mutu

Wannan tambayar tsohuwa ce. Frederick Taylor a Amurka ya shafe shekara 26 yana yanka ƙarfe yana rubutawa kafin sakamakonsa ya fito a 1907, kuma lissafin da ya bari har yau shi ake fara koyarwa: V sau T mai ƙarfin n daidai yake da C. V gudun yanka ne a mita cikin minti, T mintunan da wuƙa zata yi, n da C kuma lambobi ne na wannan wuƙar a kan wannan ƙarfen. Ga wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai jure gudu, n yana wajen 0.125, ga kabayid, wanda aka fi yin insat da shi, wajen 0.25.

Bari mu gani da lamba don ya zauna. A ce insat ɗinka na yin minti 15 a gudun 200, dama gudun da manyan kamfanoni ke rubutawa a jikin kwali galibi a kan minti 15 ɗin suke gina shi. Ka ƙara gudu zuwa 240, kashi 20 cikin ɗari kawai, rayuwarsa ta dawo minti 7 da 'yan daƙiƙu, ta ragu da fiye da rabi. Ka sauke zuwa 160 ta haura minti 36. In HSS ce, wannan ƙarin na kashi 20 zai bar maka ƙasa da kwata na rayuwarta. Duk lokacin da mai aiki ya murɗa maɓallin gudu don ya tashi da wuri, abin da yake saya kenan.

Amma n ɗin littafi na littafi ne. Mu nan sau da yawa ƙarfen da ke zuwa hannunmu daga 'yan gwangwan yake, tsohon shaf ɗin mota ko guntun da ba wanda ya san sunansa, wani da taurin da zai baka mamaki, insat ɗin ma wani lokaci kwalin ne kawai na asali. Saboda haka ka nemo naka n ɗin, gwaji biyu ya isa a fara. Yanka a gudu ɗaya har VB ya kai iyakar da ka zaɓa ka rubuta mintuna, saka sabon baki, canja gudu kawai ka bar fid, wato saurin tura wuƙa cikin aiki, da zurfi yadda suke, ka sake. A ce a 180 ka samu minti 24, a 220 ka samu 11. A Excel ka rubuta =LN(220/180)/LN(24/11), zai baka wajen 0.26. Daga nan C ya fito, kuma zaka iya hasashen kowane gudu da ke tsakanin biyun nan ko kusa da su. Kar ka miƙa shi nesa, a gudun da ya yi ƙasa sosai ko sama sosai wata irin lalacewar ce ke karɓar ragama.

Yanzu ga inda simuleshan ke da amfani na gaske, shi ne ke faɗa maka minti nawa kowace wuƙa ke yi a kowane aiki. Sai dai ka ɗauki lokacin yanka kawai, banda na tsalle daga wuri zuwa wuri da na canjin wuƙa. Fusion 360 yana raba maka lokacin fid da na tsalle, amma ka tuna ko a cikin na fid ɗin akwai inda wuƙa ke tafiya a iska. Sai ka raba kowane lokaci da rayuwar wuƙa a wannan gudun ka tara. Misali insat ɗaya yana yin minti 2.5 a gudun 200 da minti 1 a gudun 240 a kowane shaf. Na farko 2.5 cikin 15, wato 0.17. Na biyu 1 cikin 7.2, wato 0.14. Jimla 0.31. Kaga baki ɗaya shaf 3 zai yi, na huɗu a kan bakin da ya mutu za a yi shi. CNMG bakuna 4 gare shi a mariƙin da aka saba, shaf 12 kenan a insat ɗaya. Da wannan lambar zaka yi wa mai aiki kuɗi ba tare da ka cuci kanka ba, kuma da ita zaka saita ƙidayar rayuwar wuƙa a injin, Fanuc da Haas duk suna da wannan, suna iya tsayawa ko su ɗauko 'yar'uwarta in lokaci ya cika. A milin kuma ka yi gwajin a milin ɗin, kar ka ɗauko lambar let, domin haƙorin endmil shiga yake yana fita, ba kamar na let da ke cikin ƙarfe koyaushe ba.

Ƙarfi da lanƙwasa

Dakusasshiyar wuƙa turawa take fiye da yanka, kuma ƙarfin da ya fi ƙaruwa shi ne mai ture ta daga jikin aiki. Shi yasa wani lokaci ka saka -0.02 ka auna ka ga 0.01 kawai ya fita, sauran ya tafi a lanƙwasa. Endmil tamkar sanda ce da aka kafe a gefe ɗaya, in ka ninka tsawon da ta leƙo daga kolet sau 2, lanƙwasarta sau 8 take ninkuwa. Manhajoji irin sashen Force na Vericut suna lissafa ƙarfi da kaurin ɓawo a duk tsawon hanya, in kana da shi to kar ka cika iyaka har baki, ka bar sarari domin wuƙar da ta yi rabin rayuwarta ba ƙarfin sabuwa take ja ba. In baka da shi, allon injin na nuna nauyin da sandal, wato sashen injin da ke juyawa, ke ɗauka, rubuta shi da sabuwar wuƙa a wani wuri ɗaya na shirin, ka riƙa kallon yadda yake hawa.

Ɗaliban injiniya masu aikin kammalawa kuma, ku naku manhajojin daban ne, DEFORM ko AdvantEdge ko Abaqus. A can ana kwaikwayon yankan na wani ɗan ƙanƙanin lokaci har zafi ya daidaita, a ɗauki zafi da matsi da gudun gogayya a kowane ɗigo na bakin, a saka su a lissafin Usui na 1978 ko na Archard na 1953 a samu saurin cinyewa, a ja ɗigogin baya a sake siffar wuƙar, a maimaita. Lambobin da ke cikin lissafin Usui na kowace wuƙa da ƙarfe daban ne, in ka kwafo na wani ba tare da ka gwada da VB ɗin da ka auna da idonka ba, hoton zai yi kyau amma ba wuƙarka yake nunawa ba.

Mu koma kan shaf ɗin nan. Abin da muka yi a sauran shi ne muka ware insat na gamawa shi kaɗai, muka nufi ƙasan filin wajen 25.005 tunda mun san sama zai riƙa hawa, muna auna kowane na uku, da ya kai 25.012 sai a saka -0.006. Kuma ba a aunawa da zafinsa. Ƙarfe mai milimita 25 in ya fi maikiromita zafi da digiri 20 ya kumbura da kusan 0.006, rabin filin kenan, sai a ajiye shi ya huce kusa da maikiromitan tukuna. A jikin injin muka manna takarda mai layi huɗu, lambar shaf, abin da aka auna, abin da aka saka a ofset, da lokacin da aka juya baki. A ƙasanta da jan biro aka rubuta cewa duk wanda ya juya insat ya mayar da ofset ɗin cinyewa sifili kafin ya danna koren maɓallin tashi, domin sabon baki da tsohon -0.03 a kansa zai yanka shaf ya gaza 25, boris ya faɗa ciki yana wasa, wannan kuma sai dai a nemo wani ƙarfen.